Mun aje bik: kowa ya faɗi inda ya nufa

Delege: Salamu alaikum ƴan fada. Magana biyu gare ni. Ta farko, walimar rabuwa ta gama jami'a tana nan ran Asabar bayan la'asar, gindin dogon yaronmu na kullum. Kotizasiyo jaka biyu kowa. Wanda ya riga ya bar Yamai ya turo ta Nita ko Amana. Mu 23 ne a nan, mutum 9 suka biya, yau dai ba zan kama suna ba. Ta biyu, tunda ba kowa zai samu zuwa ba, ina so kowa ya rubuto abu guda da ba zai manta da shi ba cikin shekarun nan, da kuma inda ya sa gaba. Kar a turo mini sitika, rubutu nake so.

Mai Shayi: Delege, har an gama karatu ba ka daina ba mu dabuwar ba?

Delege: Kai ne na farko cikin waɗanda ban kama sunansu ba.

Mai Shayi: Gawayi da sukarin da na zuba wa fadar nan shekara huɗu sun fi jaka biyu nesa. A yi lissafi a ba ni canjina.

Ƴar Damagaram: Bari in buɗe muku. Ranar da na fara zuwa, mun taso Damagaram tun kafin asuba, tafiyar kusan kilomita 900, muka shigo Yamai da dare ƙafafuna sun kumbura. Da safe na tsayar da taksi na ce jami'a za ni. Direba ya ce "Harobanda?" Na ce a'a, jami'a. Ya sake cewa Harobanda, na sake cewa a'a, ya ja motarsa ya yi gaba. Taksi uku na kora haka. Wata tsohuwa mai sayar da kopto a bakin hanya ce ta ji tausayina, ta ce mini da Hausa, ɗiyata, Harobandar nan ai ita ce bayan ruwa, can makarantar taku take. Da muka hau gadar Kennedy na leƙa na ga kogin Isa, wallahi sai da cikina ya juya. Mu da muka tashi muna jiran ƴan garuwa, ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka yana tafiya ba mai tare shi ba. Salati nake yi har muka sauka.

Mai Shayi: Ke taki da sauƙi. Ni mai taksi ya ce mini "waytaci", na ɗauka sunan unguwa ne, na ce ba can za ni ba. Ashe dala arba'in yake nufi, kuɗin mota. Yau ga ni ina ciniki da Zabarmanci a Katako har ana rage mini.

Ba'are: Ni dararen watan Agustan 2023 ne ba su fita raina. Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mu kuma ga sesiyon egzama a gabanmu. Ɗaki ba ya shiguwa don zafi da sauro. Mu shida muke zagaye salula guda mai sauran caji, a kunna tocinta a kifa kan kofin ruwa don hasken ya bazu, ana karanta dokar kwangila. Wanda cajinsa ya fi yawa ranar shi ne sarki, shi ake zuba wa shayin farko.

Ƴar Fulani: Ba'are bai faɗi gaskiya duka ba. Salulata ce ake kifawa kan kofin. Shi tashi kullum kashi uku take. Bawa dai bawa ne, ko wutar karatu sai uwargijiyarsa ta ba shi.

Ba'are: Ji Bafulatana. Yaushe kika fito daji har kika san caji? Ni na nuna miki inda ake soka waya a bango.

Ƴar Fulani: Za ka zo neman fura ran Asabar.

Lokotoro: Ku dai kun ji daɗi da za ku tafi. Na riga yawancinku shigowa, kuma za ku bar ni nan, karatun likita ba a yi masa gaggawa. Ni na ga abin da ba ku gani ba. Shekarar 2020 aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, aka koma a watan Yuni, muna cewa mun huta da masifa, sai ga ruwa a Satumba. Kariyar kogi ta unguwar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwanni. Ɗakin da muke haya mu uku, da kwalekwale muka koma ɗauko abin da ya saura. Polikop ɗina, takardun darasi na shekara biyu, sun zama kamar ƙullun koko. Katifa ban ma tsaya nemanta ba.

Maman Biyu: Ni ba ni da abin faɗi da ya wuce ku kanku. Na haifi tagwaye saura kwana 19 egzama. Na riga na cire rai da shekarar, mijina ma ya ce in bari sai baɗi. Sai ga Ƴar Damagaram da Ƴar Fulani da kaye uku da suka bi ƴan ajinmu suka aro, su da ba fanninsu ba ne, suka kwana suna kwafe mini. Ranar egzama ƙanwata ta riƙe Hassana, Mai Shayi ya riƙe Usaini a ƙofar anfi awa uku, yana jijjiga shi yana yi masa waƙar da ban san inda ya samo ta ba. Na fito na tarar rigarsa ta jiƙe, bai ce komai ba. Allah ya saka muku da alheri. Kuma mu tuna da ɗan uwanmu da muka fara zaman fadar nan da shi, Allah bai nufa ya ga ƙarshenta ba. Shi ya sayi butar da muke shan shayi da ita har yau.

Delege: Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Ba'are: Amin.

Ƴar Damagaram: Amin ya Allah. Delege, in an tara kuɗin a cire wani abu a aika wa mahaifiyarsa.

Delege: Na rubuta. To tuna baya ya samu. Saura rabin tambayar, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ina aka nufa?

Ɗan Galmi: Ni dai nawa a yanke yake. Lahadi da sahe in hau kar, in Allah ya so la'asar tana yi mini gida. Albasa za ni.

Ba'are: Hutu kake nufi, kafin a buɗe karɓar dosiyen sarbis sibik, wato hidimar ƙasa?

Ɗan Galmi: Ba hutu ba. Tahiya ta zama. Ba ni aje dosiye ko'ina.

Ba'are: Kamarad, ka bari. Tsoho ya yi shekara da shekaru yana sayar da albasa don ɗansa ya fita daga albasa, kai kuma ka ɗauko lisansin tattalin arziki ka mayar masa cikin rudu, rumbun ajiyar albasa? Me za ka ce wa mutanen gari? Za a ce boko ya kayar da kai ne. Ƙannenka da ake lallashi su zauna lakwal, da wane baki za a sake yi musu magana?

Ɗan Galmi: Tsohon da kake magana shi na hwara gaya ma. Bai yi murna ba, ba ni yi maka ƙarya. Kwana biyu bai ɗauki wayata ba. Amma bari in gaya muku abin da na gani, tunda kansa na yi rahoton sitaj ɗina, kuma cikinsa aka haihe ni.

Ana zuba iri wajen Oktoba, a dasa Nuwamba zuwa Disamba, a yi ta ban ruwa har Maris ko Afrilu. Duk tsawon lokacin ga kuɗɗi ke hita: taki, esansin injin ban ruwa, ƴan ƙwadago. Manomi ba shi da su, sai ya ci bashi wurin ɗan kasuwa. Ranar da aka cire albasa kowa ya cire tashi, kasuwa ta cika, daraja ta hwaɗi ƙasa, kuma ranar ce mai bashi ke tsaye bakin gona da buhunansa. Buhun ma ba a cika shi a ɗaure, sai an tula an ɗinka mishi hula. Wata biyar ko shida bayan nan, buhun nan guda ya ninka biyu ko uku, amma ya daɗe da barin hannun wanda ya sha rana kansa. Wanda ya daure ya zuba a rudu kuma, damina na shigowa ruɓa ta ci rabonta, balle in an cika mata takin zamani ko ba a ɗauke mata ruwa da wuri kahin cira ba.

Ubana ya hi ni sanin ƙasa sau dubu. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya zauna da bik ya lissahta nawa buhu guda ya ci mishi. Ni na yi mishi bara. Da na karanta mishi, shiru ya yi, ya ce in sake. Wannan lissahin shi ne aikina. In mun hita daga bashin ɗan kasuwa, muka gyara ajiya iska na ratsa ta, muka jinkirta saidawa ko da rabin kaya ne, na hi wanda ke jiran pekil, ɗan alawus ɗin sarbis sibik.

Mai Shayi: Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, amma wannan ɗan albasa ya yi halin gida.

Ba'are: A takarda komai daidai yake fita. Iyakar Benin a rufe take tun 2023, manyan motocin da ke kai kaya Gana da Abijan suna shan wuya ta Burkina. In kayanka suka kwana goma a hanya fa? Lissafin bik zai hana su ruɓa?

Ɗan Galmi: Ba ya hanawa. Shi ya sa ban ce zan yi lodi zuwa Akara ba. Ni a bakin rudu zan saida, wanda ke da mota ya ɗauki kasadar hanya. Abin da ya hi damuna esansi ne. Tun da Najeriya ta cire tallahin mai a 2023, wanda muke saye a Ƙwanni ya daina araha. Hwanon sola nike so in sa ma rijiya guda in gwada. Shekara nawa muna shiga makaranta mai sunan Abdu Mumuni, mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan binciken hasken rana, mu kuma rana na dukanmu banza a gona muna sayen mai.

Dwayen: Ƙannena, tun ɗazu nake karanta ku, na ce bari in bar yara su gama. Ni na fita 2013. Abin da Ba'are yake faɗi da wanda Ɗan Galmi yake faɗi duk na ji su a fadarmu ta lokacin, har kalmomin ba su canza ba. Bari in ba ku nawa labarin, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Na yi sarbis sibik shekara biyu a wata ma'aikata. Tebur ma ban samu ba sai da wani ya yi ritaya. Na gama aka ba ni atestasiyo, aka ce Allah ya ba da sa'a. Na zauna gida wata 14. Na shiga koyarwa ta kwantiragi, aka tura ni wani ƙauye da sai ranar kasuwa mota take shiga. Wata ya ƙare ka jira, wani ya shiga ka jira, mai shago ya san ranar biyanka fiye da kai. Sai da na shekara shida a haka kafin in samu matrikil, lambar cikakken ma'aikacin gwamnati. Ban yi nadama ba, yaran da na koyar wasu suna jami'a yanzu, har akwai guda a cikin gurup ɗin nan. Amma wanda ya ce muku daga diplom sai biro mai sanyi, ya yaudare ku.

Duk da haka, Ɗan Galmi, ka ji shawarar yayanka: ka aje dosiyen. Takardar sarbis sibik ita ake tambaya ranar da aka buɗe kankur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma shekarun shiga suna da iyaka. Ka nemi a tura ka wajen Malbaza ko Madawa, ka yi da safe, da marece kana gona. In albasa ta karɓe ka, ba ka yi asarar komai ba. In shekara biyu a jere ta ƙi, kana da ƙofar da ba ka rufe da hannunka ba.

Ɗan Galmi: Na gode yaya, Allah shi bar girma. Amma ban ruwa da sahe ake yi. Kuma na san kaina, in na riƙe igiya biyu duk sakinsu zan yi. In na bar ma kaina ƙohwar gudu, ranar da rudu na hwarko ya ruɓe gudu zan yi.

Dwayen: To Allah ya sa albarka. Ni dai na faɗa. Dosiye ba ya cin tuwo, ajiye shi kawai ake yi.

Ƴar Damagaram: Ku yi haƙuri, akwai abin da yake ci mini rai a irin wannan hira. Duk inda aka zauna yanzu, a rediyo ko a taro, sai a ce matasa ku daina jiran gwamnati, ku koma gona, ku kama sana'a. Ɗan Galmi yana da uba mai fadama da rijiya da rudu. Madalla, Allah ya ƙara. Ni ubana tela ne, gidan haya muke. Wace gonar zan koma? Ko da muna da ita, ni mace wa zai yanka mini? Na karanta ilimin ma'adinai shekara huɗu, matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da garinmu tun 2011, an ja bututun mai kusan kilomita 2000 daga Agadem har teku. In na ce ina son aiki a fannina sai a ce na cika buri, in je in koyi yin sabulu. Na yi sitaj wata uku a wani kamfani nan Yamai, ko kuɗin taksi ba su ba ni ba, aikina fotokopi da kai wa shef ruwan sanyi. Ranar ƙarshe ya ce in bar lambata. Na bari. Da ya kira, ba maganar aiki ya yi ba.

Don haka ni zan aje dosiye, zan yi kankur duk wanda aka buɗe, zan nemi bursin mastar ko Aljeriya ko Maroko. Kuma kar wanda ya ce mini jiran gawon shanu nake.

Maman Biyu: Allah ya isar miki, ƙanwata. Ba ki taɓa gaya mana wannan ba.

Ƴar Damagaram: Me zan ce, yaya? Na toshe lambar na yi gaba.

Ɗan Galmi: Gaskiyarki. Ban ce hanyata ta kowa ce ba. Da ba gonar, da ina layi bayanki da ambulan ɗina.

Ba'are: To ai ni ma abin da nake faɗi ke nan, aka mayar da ni maƙiyin noma. Wani dole ya zama alƙali, wani dole ya riƙe ma'aikatu. In duk masu kai suka tafi kasuwa, wa za a bar wa biro? Ni mastar zan yi nan, in nemi shiga makarantar alƙalai. Ranar da dillali ya cinye wa Ɗan Galmi kuɗi, gabana za a kawo su.

Ƴar Fulani: Ranar da Ba'are ya zama alƙali, mu Fulani sai mu kwashe shanunmu mu bar ƙasar.

Ba'are: Shari'ar farko da zan yi ta ɓarnar gona ce, ki shirya.

Mai Shayi: Tunda ana faɗin gaskiya, ni Abijan za ni bayan Sallah. Yayana yana da shago can shekara 11, ya ce in zo in riƙe masa lissafi da kaya.

Delege: Kai ma? Da lisansin sosiyoloji za ka tafi bida kamar wanda bai taɓa shiga aji ba?

Mai Shayi: Delege, kai ɗan birni ne. Ka zo ƙauyenmu wajen Buza bayan an gama girbi, ka ƙirga mazan da za ka tarar. Tsofaffi da yara. Duk gidan da ka ga kwano a kansa, kuɗin Abijan ne ko Libiya ko Kamaru. Bursina in ya makara, wa kuke tsammani yake turo mini abin da nake saya muku sukari da shi? Mai shagon nan ne da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Shekara huɗu ina cin guminsa, yanzu ya ce in zo in taimaka, in ce masa ni na fi ƙarfin shago? Abin da na yi wa kaina alkawari guda ne: ba zan bi hamada ba, ba zan hau teku ba. Da takarduna zan tafi, ta hanya, in dawo duk shekara.

Dwayen: Duk wanda ya tafi haka yake cewa, ƙanena. Shekara ta farko ana dawowa.

Mai Shayi: To yaya, in na zauna me zan ci? Shayi?

Dwayen: Ban ce ka zauna ba. Ka karɓi diplom ɗinka na asali ka bar shi hannun tsohuwa kafin ka tafi, kar ka tafi da atestasiyo kaɗai ka ce sai wani zuwa. Na san mutum uku da suka yi haka.

Ƴar Fulani: Ni kowa ya san matsalata, ba sai na ɓoye ba. Tun ina shekara ta biyu ake cewa a gida "in ta gama". To ga shi na gama. Kawuna ya riga ya kira sau biyu. Ba auren nake ƙi ba, mastar nake so in haɗa da shi, kuma Maman Biyu ta nuna mana ana iyawa. Da na zaɓi ilimin harsuna dariya aka yi ta yi mini, ana cewa kin zo jami'a koyon abin da kika sha a nono. Yanzu tun watan Maris na 2025 da aka sa Hausa harshen ƙasa a kundin sake gina ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, masu dariyar ne suke turo mini takarda in juya musu. Wa zai rubuta littattafan lakwal? Wa zai horar da malamai? Wa zai zauna ya samo kalmomin shari'a da na asibiti? Kuma ba Hausa kaɗai ba, Fulfulde da Zabarmanci da Tamajak da Barbarci duk suna jiran masu yi musu wannan aikin. Sai dai har yanzu ban ga an buɗe wurin da za a ɗauki irinmu ba, maganar tana baki tukuna.

Maman Biyu: Ana iyawa, amma ki sa a faɗi maganar karatun gaban waliyyai tun kafin a shafa fatiha, kar ki yarda da "ai ba komai" na saurayi. Ni surukata ce ta riƙe ni, ba don ita ba da ban kai ba. Ni dai aji zan koma, abin da na karanta ke nan, kuma ina son sa. Fatana kawai kar a jefa ni nesa da yaran nan.

Lokotoro: Ƴar Fulani, in kin fara ƙamus ɗin asibiti ki neme ni. Jiya na yi minti goma ina neman yadda zan gaya wa wani tsoho cewa ƙodarsa ce ta gaza ba tare da na tsorata shi ba.

Ba'are: Delege, ka tambayi kowa kai ba ka faɗi naka ba.

Delege: Ina ta kaucewa ne. Gaskiya ban sani ba. Na aje takarda wurin porze biyu, masu ayyukan raya ƙasa, shiru. Da yawansu ma sun tattara sun tafi cikin shekarun nan. Tun fitar da muka yi zuwa Keita a shekara ta biyu, na ga tuddan da aka farfaɗo da su tun aikin da aka fara a 1984, mata suka jera duwatsu da hannu har itace ya dawo, na ce irin aikin da nake so ke nan. Taswira na iya, GPS na iya. Wanda zai biya ni in yi ne ban samu ba. Kafin nan ina koyar da yaran wani alhaji lissafi da dare a Yantala, da shi nake biyan ɗaki.

Abin da ba zan manta ba kuma, 9 ga Fabrairun farko da na yi a nan. Na fito don kowa ya fito, ban san ma me ake tunawa ba. A kan gada wani babban kamarad ya gaya mini nan aka harbe ɗalibai uku a 1990, kuma daga nan aka kama hanyar da ta kai ga taron ƙasa na 1991. Kullum ina bin gadar nan a taksi ina danna salula. Tun ranar ban sake hawanta ban tuna ba.

Ɗan Galmi: Delege, in da gaske kake da GPS ɗin nan, ka zo bayan damina ka auna muna gonaki. Rabin rigimar garinmu iyaka ce, kuma ba wanda ya san hekta nawa yake zuba ma taki. Ba ni da kuɗɗin porze, amma akwai tuwo da ɗaki, kuma maƙwabta za su biya in sun ga amfani.

Delege: Kar ka yi mini wasa, zan zo fa.

Ɗan Galmi: Ka sauka Galmi ka ce gidan mai lisansi, har an riga an sa mini suna.

Ba'are: Ka gani ko? Tun bai isa ba an fara.

Dwayen: Ba'are, ni shekara shida ana ce mini "mushe ba albashi". Suna ba ya kisa. Ɗan Galmi, maganar dosiye dai tana nan, zan sake kiranka kafin a rufe.

Ɗan Galmi: Ka kira yaya, ina ɗauka.

Maman Biyu: To ran Asabar wa zai yi girki? Kar a sake bar wa maza dambu irin na bara.

Ƴar Damagaram: Ni da ke. Ƴar Fulani fura. Ɗan Galmi ya kawo albasa tunda ita ya zaɓa.

Ɗan Galmi: Akwai rabin buhu ƙarƙashin gadona tun Afrilu, gwajin ajiya nike yi da ita. Guda bakwai kaɗai suka lalace.

Lokotoro: Ashe warin da ke bulok ɗinku ke nan. Mun yi ta zargin ɓera.

Mai Shayi: Butar fa? In na tafi wa zai riƙe ta? Ba na so ta bar makarantar.

Lokotoro: Ka bar mini. Ina nan shekara biyu aƙalla, kuma akwai sabbin yara uku daga Tawa da suke zama gindin itacen ba su da buta.

Delege: Shi ke nan. Yanzu mutum 12 suka biya. Mai Shayi, Ba'are, Lokotoro, na fara kama suna.

Ba'are: Sai bursi ya faɗo.

Delege: Ba'are, ka gama makaranta. Wane bursi?